Sawun Gurguwar Akuya

Kafin Sodangi ya kashe babur ɗinsa a Ɗan Isa, har an riga an fasa wa Gado baki.

An ɗaure shi a gindin durumin ƙofar gidan mai gari, hannuwa ta baya, jini yana bin gemunsa. 'Yan sa-kai sun zagaye shi da bindigoginsu. Jama'a kuwa kamar ranar kasuwa, kowa na jifa da abin da ya zo bakinsa.

"Ɓarawo! Awakin marayu zaka sata?"

Mai wannan ihu Alhaji Saminu ne, shugaban Ƙungiyar Share Hawaye, babbar rigarsa duk ta jiƙe da gumi. Ƙaramar ƙungiya ce. 'Yan gari masu neman abinci a Legas da Fatakwal su ke turo taro da sisi, ana saya wa matan da 'yan bindiga suka kashe wa maza awaki. Tsarin habbanaye aka ɗauka: a ba mace akuya, ta haihu, ta riƙe 'ya'yan, uwar ta wuce ga wata. An yi rabo a Zurmi, an yi a Shinkafi, an yi a nan Ɗan Isa ta ƙasar Ƙaura, kowane gari da launin fentin da aka shafa wa awakinsa a baya. Yau ce ranar da za a fito da awaki sittin gaban jama'a, kowa ya gani da idonsa. Da gari ya waye sai aka tarar da garken a buɗe, ko bunsuru babu. Sawu kuma ya miƙe sak zuwa rugar Gado.

Sodangi ya ratsa taron da kafaɗa. Ƙato ne, tsohon dillalin shanu, wanda ya koma bin sawun dabbobin sata. Daga Ƙaura har bakin iyaka an san shi da abu biyu: tsada da mugun baki.

"Wa ak kira wanga?" in ji Alhaji Saminu.

"Ni nik kira shi." Wata mace ce siririya, ta ɗaure ƙugu da gyale. Azumi ke nan, wadda ta tayar da rigimar da ta sa aka tsayar da ranar. "Ni nik kira shi, Alhaji, don ban yarda da kowa ba cikinku."

"Ba ni aiki kyauta, Azumi," in ji Sodangi.

"In akuyata ta dawo, ɗan farko naka na."

"In ta haifi mace hwa?"

"Kai dai tahi ka yi aiki, maƙwadaici."

Babban 'yan sa-kai ya buga gindin bindiga a ƙasa. "Wane aiki? Ga sawu, ga ɓarawo. Ku ba mu shi mu shiga daji mu tambaye shi."

Kowa a wurin ya san wanda aka shiga daji da shi ba ya dawowa ya ba da labari. Gado ma ya sani. Ya ɗaga kai, ya dubi Sodangi.

Sai wata murya mai sanyi ta shigo. Malam Abbati ne, ma'ajin ƙungiya, dattijo mai farin gemu wanda ba a buɗe taro ko a rufe sai da addu'arsa. "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Rai ba abin wasa ba na. Dukiya ta tahi, mu yi haƙuri, mu bar ma Allah. Ku sake shi."

"Ka ji Malam da tausai!" wani ya ce. "Shi ya sa ake cutar mu."

Mai gari ya ɗaga hannu. "Sodangi, na ba ka zuwa faɗuwar rana. In ta faɗi ba ka kawo wani ba, ni ban iya tare mutanen ga."

* * *

An yi ruwa da daddare, ƙasa ta yi laushi. Sodangi ya hana kowa shiga garken, ya shiga shi kaɗai. Katanga ce doguwa, ba a ganin ciki daga waje. Ya zagaya, ya tsuguna, ya tona kashin awaki da tsinke. Ya miƙe yana tsaki.

Bilyaminu, sakataren ƙungiya, yana tsaye a bakin ƙofa, matashi mai fuskar wanda bai yi barci ba.

"Awaki nawa kac ce sun kwana nan?"

"Sittin, Baba."

"Kai ka ƙidaya su?"

"A'a. An ce da la'asar anka kawo su, anka kulle."

"An ce! Awaki sittin su kwana wuri, kashinsu bai cika tafin hannu biyu ba? Ko azumi suka yi?"

Sodangi ya nuna wani babur da ke jingine a jikin katanga.

"Wancan sabon babur na wa?"

"Nawa na. Wana yat turo mini daga Legas."

"Kowa wanshi na Legas," in ji Sodangi. "In na gano kai na, sai na sa ka hadiye makullinshi."

Ya bi sawun waje. Abin da ya gani ya ƙara ɓata masa rai. Dabbar da aka sata takan watse, ta yi turjiya, ta bar jan igiya a ƙasa, a ga sawun mai kora a bayanta yana kai da kawowa. Waɗannan kuwa a jere suka tafi, hankali kwance, kuma sawunsu ya hau kan sawun mutum. Mutumin yana gaba, su suna biye. Takalmin roba ne irin wanda rabin garin ke sawa. A cikin jerin akwai guda wadda kofaton ƙafarta ta baya ya karkace waje, tana jan shi kaɗan.

Sawun ya kai bakin rugar Gado, daidai inda mai neman ɓarawo zai tsaya ya yi kabbara. Nan 'yan sa-kai suka tsaya da safe. Sodangi bai tsaya ba. Ya zagaya bayan wata gonar gero, ya sake tsinto jerin ya lanƙwasa, ya bi ta kan fako, ya fita bakin kwalta. A nan sawun awaki ya ƙare, na tayar a-kori-kura ya fara, ta juya ta fuskanci arewa.

Kusa da wurin akwai shingen ƙaya da awakin suka goga. Ya zare wani tsumman gashi daga ƙaya, ya ɗaga shi ga rana. A sama kore ne. Ya murza da yatsa. A ƙarƙashin koren akwai ja. A ƙarƙashin jan akwai shuɗi. Can gindin gashin kuma wani ɗan ɗigo rawaya, wanda bai san inda zai ajiye shi ba.

Ya naɗe gashin a leda, ya zagi uban wanda ya yi aikin, ya juya gari.

* * *

Matan Zurmi da na Shinkafi sun iso tun da hantsi don karɓar awakinsu, suna zaune a zauren mai gari da igiyoyinsu a hannu. Sodangi ya sa aka raba su. Ya fara da Azumi.

"Kwana nawa akuyarki ta yi gidanki?"

"Gidana? Ko ƙofar gidana ba ta gani ba! An ba ni igiya, an ce in yi murmushi, an ɗauki hoto. Kahin in kai lungu anka biyo ni, wai za a kai su allura, akwai ciwo gari. Damina ta wuce, rani ya wuce, ga wata damina. Wace irin allura ce wagga?"

"Ba ki tambaya ba?"

"Na tambaya! Anka ce ban da kunya. Wai an taimake ni ina neman lissahi. Alhaji ya ce duk wanda yat tambayi ƙungiya lissahi ya zagi dattawa. Ni kau nic ce a zage su, in dai akuyata na hitowa."

"Wane launi anka shafa ma taki?"

"Kore, na Ɗan Isa. Ja ce, gurguwa. Ƙafar baya ta karkace. Har nic ce ko sadaka sai an zaɓa mini mai naƙasa."

Ya kira Hauwa, tsohuwa daga Zurmi. Ita ma hoto, ita ma allura.

"Shuɗi anka shafa muna. Tawa ko cikin dubu ina gane ta, ɗana. Ja ce, tana jan ƙafa."

Amina ta Shinkafi ba ta bari ya gama tambaya ba. "Jan fenti. Gurguwa ce, amma na so ta hakanan. Har suna na sa mata."

Sodangi ya fito daga zauren, idanunsa sun kaɗa. Ya ci karo da Alhaji Saminu.

"To, gwani, ka gano ɓarawon?"

"Alhaji, wa ka sayen awakin?"

"Ƙungiya."

"Ƙungiya na da ƙafa? Wa ka zuwa kara ya biya?"

"Kai, ni zaka tuhuma? Ni da nis sa sunana da mutuncina? Mu nan amana muka aiki da ita, ba mu bin juna da ƙidaya kamar arna!"

"Mabuɗin garke hwa?"

"Yana rataye ofis, kowa na iya ɗauka."

"Madalla da amana," in ji Sodangi. Ya hau babur. Ya bi ta gaban durumi, ya rage gudu. An ba Gado ruwa, amma ba a sassauta igiyar ba, hannuwansa sun kumbura.

"Ka ga mota da asuba?"

Gado ya motsa fasasshen leɓe. "Na ji ta. Na hwaɗa musu. Sunka ce abokan satata na."

* * *

Ranar kasuwar Shinkafi ce. Sodangi ya yi tafiyar yana sa ido, don hanyar ba ta da tabbas, amma bai sassauta ba. Bai shiga kara ba. Wanda ya saci dabba mai alama ba ya kai ta kara, gidan dillali yake kai ta a gyara. Ya bi layin dillalai a ƙasa, kansa a sunkuye, har hancinsa ya riga idonsa: warin kalanzir. A ƙofar gidan Isah, ga sawun kofaton nan mai karkata.

Isah tsohon abokin sana'arsa ne. Yana tsugune a tsakar gida da tsumma, yana dirzar bayan wata akuya.

"A'a, Sodangi! Ba sallama?"

"Sallama ta mutanen kirki ce. Tashi."

"Wallahi ban san na sata ba ne! Direba yak kawo su, ya ce ƙungiya za ta sayar ta sake wasu, a wanke fentin."

"Nawa ne?"

"Ga su nan duka."

Ba su kai ashirin ba. Gurguwar tana can gefe, tana kukan yunwa.

"Wa at turo direban?"

"Ya ce in an tambaya in ce sakatare. Bilyaminu."

"Ka gan shi? Ka ji muryatai?"

"A'a. Suna dai anka ba ni."

Sodangi ya tsaya yana huci. Sabon babur, mabuɗi a ofis, ga kuma suna. Komai ya zauna daram, kamar yadda sawu ya zauna daram a bakin rugar Gado. Abin da bai yi masa ba ke nan.

"Nemo mota, Isah. Kai zaka biya. Kuma kada ka ba su ko ganye ɗaya."

"Tun asuba ba su ci ba!"

"Haka nika so."

* * *

Rana ta yi ja lokacin da motar ta tsaya a ƙofar gidan mai gari. 'Yan sa-kai har sun kwance Gado daga jikin durumi, sun sa masa igiya a wuya. Da aka ji kukan awaki, taron ya juya gaba ɗaya.

Sodangi ya sauko da gurguwar da kansa.

"Tawa!" Azumi ta yi tsalle.

"Taki ta ina? Tawa ce!" in ji Hauwa.

"Ku sakar mini akuya!" Amina ta riga ta cafke ƙaho.

Mata uku, akuya ɗaya, kowace na rantsuwa. Wasu suka fara dariya, sai dariyar ta mutu a bakinsu, don sun fara ganewa.

"Duk kun yi gaskiya," in ji Sodangi. Ya buɗe gashin bayan akuyar da yatsu. "Ku matso ku gani. Shuɗi na Zurmi. Ja na Shinkafi. Kore na Ɗan Isa. Ba a taɓa sayen awaki sittin ba. Garke guda anka saya, ana yawo da shi gari-gari, ana sake mishi riga, ana ɗaukar hoto ana tura ma 'yan Legas su ƙaro kuɗi. Da Azumi tac ce sai an hito da su rana ɗaya wuri ɗaya, sai dabara ta ƙare. Abin da babu shi, ba ya nunuwa. Amma yana satuwa. Sai a nemi Bafillacen da za a rataya ma."



"Wane ne?" in ji mai gari.

"Dillali ya ce sunan Bilyaminu anka ba shi."

Taron ya yi kan sakatare kamar ruwa ya ɓalle. Wani ya shaƙe masa wuyan riga. Bilyaminu yana ihu: "Ni ko rabon ba a zuwa da ni! Ni nig goyi bayan Azumi a yi ranar ga!"

"Ku sake shi!" Sodangi ya daka tsawa. "Da safe Gado, da marece Bilyaminu. Ku wane irin mutane ne? Duk inda anka nuna muku da yatsa sai ku kai duka?"

Ya sa aka buɗe fili. Ya tsayar da mutum huɗu nesa da juna: Gado, Bilyaminu, Alhaji Saminu da Malam Abbati. Aka saki awakin a tsakiya.

"Awakin ga ba kora su anka yi ba. Bin mutum sunka yi, ba igiya, cikin duhu. Akuya ba ta bin baƙo. Mai ba ta dusa taka bi. Gado, kira su."

Gado ya yi irin kiran makiyaya. Awakin suka ɗaga kunne, suka ci gaba da shinshinar ƙasa. Bilyaminu ya kira. Ko kallo bai samu ba. Alhaji Saminu ya ce shi ba za a wulaƙanta shi ba, ya yi ta faɗa da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Awakin suka matsa nesa da shi.

Saura mutum ɗaya. Sodangi ya lura tun saukar awakin dattijon bai ce uffan ba, shi da ba a taro sai ya yi nasiha.

"Haba Sodangi," wani ya ce, "har da Malam? Ka ji kunya mana."

"Ni ban ce ya kira akuya ba. Rana za ta faɗi, taro ya ƙare. Malam, rufe muna da addu'a kamar kullum."

Malam Abbati ya dubi mai gari. Ya dubi ƙasa. Ya nuna maƙogwaronsa da hannu, alamar murya ta dushe.

"Da safe ta hito sarai," in ji Azumi. "Yi muna addu'a, Malam."

"Awo, a yi addu'a," jama'a suka ce, wasu da zuciya ɗaya.

Babu hanyar ƙi. Ya ɗaga hannuwa, ya fara salati a hankali.

"Ba mu ji!" in ji Sodangi.

Ya ɗaga murya.

Gurguwar ce ta fara juyawa. Ta yi kuka ɗaya mai tsawo, ta ja ƙafarta ta nufe shi. Sauran suka rufa mata baya da gudu. Kafin ya kai ƙarshen salatin sun kewaye shi, suna tura baki cikin aljihunsa, suna cin gefen rigarsa, ɗaya ta ɗora ƙafafu a ƙirjinsa. Hannuwansa na sama, ya kasa shafawa, ya kasa saukewa.

Ba wanda ya ce amin.

"Gidan gonarka anka ɓoye su, ko?" in ji Sodangi. "Ba ka yarda da yaro ba, kai ka ba su dusa da hannunka."

"Ni na ce a sake shi," in ji Malam Abbati, muryarsa can ƙasa. "Kowa ya ji. Na ce kada a taɓa rai."

"Ka ce! Bayan ka ja sawu har ƙofar rugarshi!"

Azumi ta cire takalmi. Mai gari ya shiga tsakani da sandarsa, ya ce wannan karon ba daji, hukuma za a kai shi Ƙaura, kuma duk wanda ya taɓa shi zai bi shi. Babban 'yan sa-kai ya zare igiyar daga wuyan Gado, yana kallon wani wuri daban.

Alhaji Saminu ya matso, ya miƙa wa Gado hannu. "Ka yi haƙuri. Wallahi ni ban sani ba."

"Ba ka sani ba don ka hana a tambaya," in ji Azumi. "Daga yau duk abin da yash shigo ƙungiyar ga, nan gindin durumi za a hwaɗe shi, ranar Juma'a, gaban kowa. Wanda ya ji kunya ya zauna gida."

Gado bai karɓi hannun ba. Ya tofar da jini, ya dubi taron ɗaya bayan ɗaya.

"Habbanaye namu na," ya ce. "Kakannina sunka san shi. Kun are shi, kun ɓata shi, sannan kun ɗaure ni da igiyarshi."

Ya juya ya kama hanyar ruga, yana tafiya a hankali, kuma jama'a suka buɗe masa hanya.

Sodangi yana shirin tayar da babur, yana tuna wa Azumi alkawarin ɗan farko, tana ce masa ai sai ya sasanta da Hauwa da Amina tukuna, sai ga wani mutum ya shigo fili a kan raƙumi. Ba wanda ya san shi. Rigarsa a yage, gefen kansa a ɗaure da tsumma. Ya sauko bai yi wa kowa sallama ba. A hannunsa akwai igiyar akuya, ba akuya.

"Wane ne Sodangi?"

"Ga ni."

"Daga Katuru nike. An ce garken marayu na nan." Idonsa ya sauka a kan gurguwar, ya tsaya cak. "Wagga ta ƙanwata ce. Mu rawaya anka shafa muna."

Sodangi ya taɓa ledar da ke aljihunsa.

"Mu an hwaɗa muna tun bara an sace su," in ji baƙon. "Kuma mun kama wanda anka nuna muna. Mu ba mu jira faɗuwar rana ba, mun kashe shi. Yanzu 'yan'uwanshi sun ji labarin awakin na nan, suna bisa hanya su ɗauki hwansa."

Sodangi ya dubi Malam Abbati, ya dubi hanyar arewa, ya taka babur.